Gyaɗar Ranar Tsere

Taylorsville, Yuli 1953

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Ya jikin Baba, ƙafar ta saki? Ya ƙannena, su Arvel? Matar fasto ce ke rubuta min, na ce ta sa yadda na faɗa, kar ta gyara komai.

Mama, ki share min gadona na dā. Wataƙila ina nan zuwa da jaririna Lonnie.

Ran Asabar mijina Delmer ya shiga tseren motoci. Da motarmu fa, wadda muke zuwa coci. Ya cire kujerar baya, ya ɗaure ƙofa da bel, ya zana lamba da fenti. Filin jar ƙasa ne, zagayawa kawai suke, kullum hagu, kullum hagu.

Na ga ko karyawa bai yi ba, sai na dafa masa gyaɗa. Mata ba sa shiga inda ake gyaran motoci, sai na miƙa masa ta cikin shingen waya. Wayyo Mama! Kawunsa Buford ya yar da sifana ya ce, "Ke 'yar kan dutse, gyaɗa da ɓawonta ranar tsere? Kashe shi za ki yi?" Ashe camfinsu ne. Ni wa ya taɓa gaya min? Delmer ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai yunwa za ta riga ta." Ya ɓare ya ci, ɓawon na zuba ƙarƙashin motar.

Ana cikin tsere, ƙura ta rufe komai, Lonnie na ta ihu a ƙirjina, sai na ga taya ɗaya tana gudu ita kaɗai. Motarmu ta daki katangar katako ta kife. Shiru, bai fito ba. Ban san lokacin da na zube ƙasa ba.

Ya karye a kafaɗa da haƙarƙari. Yana asibiti, sai barci yake saboda allura. Uwarsa ta hana ni shiga. Ta ce in tattara in koma inda na fito kafin in ƙarasa mata ɗa. In na shiga kanti, mata sai su yi tsit.

Mama, in ya farka shi ma ya ce ni ce fa?

Ki sa ni a addu'a.

'Yarki,
Ozella

Taylorsville, Agusta 1953

Mama,

Gaisuwa gare ki da Baba da kowa. Mu lafiya lau, Lonnie har ya fitar da haƙori.

Bar gadon nan, ci gaba da shanya wakenki a kai.

Da aka sallamo Delmer, ƙin shiga gida ya yi. Yana zaune cikin motar Kawu Buford, sai ya ce min, "Zella, hau." Ya ce uwarsa ma ta hau. Na ce a raina shi ke nan, tashar bas za a kai ni. Sai ga mu a garejin Kawu, inda aka jefar da motarmu, abokansa duk suna zaune.

Delmer ya sa aka ɗauko ƙarfen da ke riƙe tayar gaba ta dama, wadda duk nauyi ke hawa kanta in ana juyawa hagu. Ya nuna inda ya karye, ciki duk tsatsa. Ya ce, "Kawu, me ka ce min da safen ranar tsere?" Kawu ya sosa ƙeya ya ce, "Na ce ya tsage, ka canza." "Ni kuma na ce me?" "Ka ce zai kai." Delmer ya ce, "To. Tsatsar nan ta girmi gyaɗar matata."

Wani dogo, Hoyt, ya ce, "Kash! Da gyaɗarta na fasa ƙarfe, da mun aika wa sojoji." Aka kwashe da dariya. Ni kuwa kuka na fashe da shi, a gaban maza, Mama.

Uwarsa ba ta ce in yi haƙuri ba, ba halinta ba ne. Amma da yamma ta shigo kicin ta ɗanɗana burodin masarata, ta ce, "Gishiri ya yi yawa. Matso in nuna miki, ba zan rayu har abada ba."

Zai sake yin tsere, na sani. Da hannu ɗaya yake zuwa gareji, suna ta haɗa wata motar. Tsoro bai bar ni ba. Amma ya yi min alkawari duk ƙarfen da Kawu ya ce a canza, za a canza, kuma a gabana ya faɗa wa Kawun.

Ina gidana, Mama. Ku zo bayan girbi ku ga haƙorin.

'Yarki mai kewarki,
Ozella