Lambun Baba Ya Tsaya A Wuyana

Assalamu alaikum Anti Badiyya. Don Allah ki taimake ni da shawara, na gaji, gajiyar da ko barci ba ya raba ni da ita.

A Agege aka haife ni. Tun kafin a haife mu Babanmu ya samu aron wani fili a bakin magudanar ruwa daga hannun wani dattijo Bayarabe, ya mayar da shi lambu. Muna shuka ganyen miya irin su alayyafo da ugu da ewedu (wato lalo) da yakuwa, a gefe guda kuma muna renon dashen zogale da gwaiba da furanni a leda. Masu sayar da abinci a layinmu, Hausawa da Yarabawa, wurinmu suke sayen ganye tun da sassafe. Itatuwan da ke harabar Islamiyyar unguwarmu ma daga hannun Baba suka fito.

To yanzu idon Baba ya tafi. Mamanmu ta rasu. Mu uku ne, ni ce babba. Ƙanina Ahmad direban tirela ne a Ijora, Shafi'i kuma yana aiki a wani kamfani a Ilupeju. Ranar da likita ya ce idon ba zai dawo ba, dukkansu suka yi alkawarin za su riƙa zuwa Asabar da Lahadi. Da farko sun zo. Daga baya sai waya, yau oga ya hana, gobe cunkoson hanya. Ni ce ban-ruwa, ni ce cirar ciyawa, ni ce kwasar kashin kaji don taki. Damina ta bana magudanar ta cika ta yi ambaliya, ta shafe mana rabin fangalolin, ta bar mana leda da robobi. Da hannuna na tsince su. Tun lokacin bayana bai daina ciwo ba, wani lokaci a zaune nake sallah.

Abin da ya sa na rubuto shi ne maigidana. Ya koma Ibadan ya buɗe shago, ya kama mana gida, yana so ni da yara mu bi shi. Mutum ne mai haƙuri, bai taɓa ɗaga mini murya ba, amma kwanan nan maganarsa ta ragu a waya, kuma ƙaramar 'yarmu Raihana kullum tambayata take yaushe za mu je wurin Abbanta. Ahmad ya ce a mayar wa masu fili kayansu kowa ya huta. Ni kuma kowace safiya ni nake riƙo hannun Baba in kai shi lambu ya zauna a kan benci. Yana shafa ganye ya gane wanne ne ke jin ƙishi. Ya taɓa ce mini ranar da aka rufe lambun nan, ranar zai kwanta. Ban gaya masa zancen Ibadan ba, bakina ya kasa.

Wallahi Anti wata rana ina cikin ban-ruwa sai in ji na tsani ƙanshin ɗoɗɗoya, abin da na tashi ina so. Sai kuma in ji kunyar kaina. In na tafi na kashe Baba, in na zauna ina kashe aurena. Ya zan yi?

Mai Lambu, Agege.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya saka miki da alheri. Ki daina jin kunyar gajiya. Kayan mutum uku kike ɗauke da shi ke kaɗai, dole wuya ya yi ciwo.

Ki fara da Baba. Kina ɓoye masa magana don kina ganinsa da rauni, amma ido ya rasa, bai rasa hankali ba. Mutumin da ke gane ƙishin ganye da hannu, kina zaton bai ji yadda numfashinki ke sauyawa in kin sunkuya ba? Ki zauna kusa da shi ki gaya masa komai, har ciwon bayan. Maganar da ya yi ta kwanciya tsoro ne ya faɗa, ba wasiyya ba. Uba ne, kuma zai so a nemi shawararsa a kan lambunsa maimakon a yanke a bayansa.

Maigidanki yana da gaskiya, yaranki ma haka. Haƙurinsa ba rijiya ba ce da ba ta ƙafewa. Ki ba shi lokaci tsayayye da za ki je, ki cika.

Ƙannenki kuma kada ki ɗauke su marasa tausayi, aikin Legas ba ya barin mutum. Amma sun saki jiki ne don sun ga kina iyawa. Ki tara su a gaban Baba da wani dattijo da suke jin nauyinsa, a fito da wanda zai zauna da Baba, a daina alkawarin ƙarshen mako.

Kuma ba dole sai an zaɓi tsakanin rufewa da kashe kai ba. Unguwarku cike take da 'yan ci-rani waɗanda noma suka tashi a ciki. A nemi mai amana, da sanin masu filin, ya karɓi fangalolin ganye a raba amfani. Renon dashe a bar wa Baba, aikin zaune ne, hannunsa ya san shi. Lambun zai ragu, wataƙila ganyen ba zai yi kyan naki ba. Ki yarda da hakan.

Ki je asibiti a duba bayan nan cikin makon nan. Babanki ya reni lambu ne don ya rene ku, ba don lambu ya cinye masa 'ya ba. Allah ya ba Baba lafiya, ya sada ki da iyalinki cikin alheri.

Anti Badiyya