Na Busar Da Ƙoƙon Surukina A Tandun Gwaji

Inna Ofelia dan Allah ki ceceni, na jawo abinda yafi karfin bakina.

Ni ba karamin mutum bane, duk dakin gwajin sinadaranmu na garin Rosario ansan hannuna. Wani sinadari mai zoben nitrojin da farfesanmu yayi wata uku yana fama dashi, ni sati daya na hadashi ina fito. Saidai da wani ruwan sinadari wai shi piridin muke aikin. Wanda bai taba shakarsa ba ya gode Allah, rubabben kifi ne aka manta cikin takalmi.

To surukina Don Evaristo kafin ya rasu ni ya baiwa kokon da yake shan mate, shayin ganyen nan namu da ake zuka da bututu, ya tsallake yayansa maza biyu, kinsan nagari na kowa ne. Rannan naga kokon yayi funfuna, nace ai ga masani, na cusashi a tandun da muke busar da kwalaben piridin din. Ya bushe tas.

Ran Lahadi bayan gashin nama na sa ganye a kokon na zuba ruwan zafi, nasha na farko kamar yadda aka saba, na hadiye da kyar, na mikawa surukata Doña Amparo. Zuka daya tayi. Ban taba ganin yar shekara saba'in tayi gudu haka ba. Matata Griselda ta shinshina tace mushe ma yafi wannan mutunci. Nikuwa nace mai shago ne ya saida min rubabben ganye.

Na wanke da toka, da lemon tsami, harda giya, amma ko kabad na bude sai warin ya tarbeni. Gashi tsohuwa tace Lahadi in kawo kokon mijinta da sabon ganye. Yaya zanyi?

Sarkin Zobe, Rosario

Ɗana Sarkin Zobe,

Gyara ka nufa, ban ga mugunta ba. Amma ƙoƙo ba kwalba ba ne, abin da ya sha ya sha ke nan, kuma piridin ba wari kaɗai ba ne, yana cutarwa. Kada bakin kowa ya sake taɓa shi. In tsohuwa na jin jiri, a kai ta asibiti.

Ƙaryar da ka ɗora wa mai shago ta fi damuna. Kada ka jira Lahadi. Je ka same ta ita kaɗai, ka bar barkwancinka a ƙofa, ka faɗi gaskiya. Za ta yi fushi, kuma tana da hujja, kayan mijinta ne. Mayar mata da ƙoƙon cikin kwalba mai murfi ta ajiye kusa da hotonsa. Ka sayo sabo, ka roƙe ta ta jiƙa shi da ganye da hannunta. In ta karɓa, ta yafe.

Allah ya sanyaya zuciyarta.

Inna Ofelia