Santimita Goma

Laraba, 6 ga Maris, ƙarfe huɗu da kwata na yamma
Masaukin ma'aikata, gindin tsauni

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya aikin asibiti? A gaida Umma, a ce mata ina cin abinci, kuma ina sa hular kwano duk lokacin da zan hau keke.

Kin ce ba ki gane aikin da aka ɗauke ni ba. Ofishin yawon buɗe ido ne, gwajin wata uku. Ana so a buɗe hanyoyin da baƙi za su riƙa yawo a kan keke cikin tsaunuka, kuma masu ba da tallafin sun kafa sharaɗi guda: kada abin hawa mai inji ya bi hanyar. Ta farko tsohuwar hanyar masu fasa dutse ce, kilomita tara daga bakin kwalta zuwa wani ƙauye da ke can ƙolin tudu. Tana da kyau, Yaya. Itatuwa sun rufe ta daga sama, in ka kai kwana ta huɗu sai ka ga kwarin gaba ɗaya a ƙarƙashinka, ba abin da kake ji sai ƙarar sarƙar kekenka. Aikina shi ne in auna tsawonta da gangararta, in kuma zauna a bakinta in rubuta duk abin da ya wuce.

Mai inji ɗaya ne tak: babur mai ƙafa uku, mai akori a baya, na wani da ake ce wa Dogo, ko da yake ko kafaɗata bai kai ba. Shi ke hawar wa mutanen tudu da kaya. Litinin da Alhamis kuma yana sauko da mahaifiyarsa asibitin gari a wanke mata gyambon ƙafa, don tana da ciwon suga. Ya shimfiɗa mata katifa a akorin saboda ta miƙe ƙafar. Tsohuwar ba ta wuce ni ba ta tsokane ni ba. Mai Igiya take ce mini, saboda tef ɗin awo. Shekaranjiya ta ce in gwamnati na biyan mutum ya zauna yana kallon awaki, ita ma a rubuta sunanta, ta fi ni ƙwarewa.

Na sa komai a rahotona, har ranakun da yake saukowa da ita da lokacin: ƙarfe bakwai ya wuce, wajen biyu ya dawo. Na ba da shawarar a sa ƙofa a ba shi makulli. Darakta ya karanta a gaban kowa, ya ce, “Injiniya, ɗaya ai ba ƙirga ba ce.” Haka yake kirana in yana so a yi dariya, kuma an yi. Amma daga baya ya ce in je in auno faɗin babur ɗin, don a san tazarar da za a bari tsakanin turakun kankare da za a kafa a bakin hanyar. Na ji daɗi ƙwarai.

Yau na auna. Dogo da kansa ya riƙe mini bakin tef ɗin, sau biyu, don na ce ina tsoron kuskure. Mita ɗaya da santimita talatin. Ya saya mini shayi, ya ce wannan ne karo na farko da wani daga ofis ya dubi babur ɗinsa ba don ya ci shi tara ba.

Ki yi mini addu'a a tabbatar da ni a aikin nan.

Ƙaninki,
Auta

Alhamis, 21 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma
Masaukin ma'aikata

Yaya,

Ina gaishe ki, ina fata zazzaɓin ƙaramin ya sauka.

An kafa turakun yau. Ban ga zanen ba sai da safen nan, a hannun ɗan kwangila. Tazarar da ke tsakaninsu mita ɗaya da santimita ashirin. Na ce masa akwai kuskure, talatin ne, har ma a ƙara. Ya dube ni ya ce ba kuskure, Darakta ne ya ce a ɗauki awon Injiniya a cire goma. Ya kuma nuna mini shafin rahotona da aka ba shi, an ja layi ƙarƙashin “ƙarfe bakwai ya wuce”. Sun tsaya da motar siminti a bayan gidan mai har sai da Dogo ya sauka da tsohuwar, sannan suka fara haƙa. Wai don kada babur ɗin ya maƙale a ciki ya ɓata hanyar.

Na buga wa Darakta waya. Ya ce makulli ɗaya kan haifi goma, kuma masu tallafin cewa suka yi sifiri, ba su ce ɗaya ba. Ya tambaye ni ko ina tuna cewa wata ukun gwaji ne. Na ce ina tunawa.

Ƙarfe biyu saura Dogo ya dawo. Simintin bai bushe ba, amma an riga an ajiye mai gadi da sanda, saboda masu babur mai ƙafa biyu. Dogo bai yi faɗa ba. Ya sauko ya tsaya tsakanin turakun, ya buɗe hannuwansa yana gwadawa, ya koma ya gwada a gaban babur ɗin. Sannan ya hango ni. Ba abin da ya ce sai, “Sau biyu fa na riƙe maka.”

Tsohuwar tana kwance a akori da sabon bandeji. Ta ɗago kai ta ce, Mai Igiya, gaya musu su matsar da duwatsun nan, rana na dukana. Ita a zatonta ni ne babba a wurin.

Babu wata hanya zuwa tudun sai turbar masu kiwo ta bayan tsauni, wadda babur ba ya iya bi. Na miƙa masa keken ofis. Ya karɓa bai dube ni ba. Ya naɗe bargo a kariyar keken, ya ɗora tsohuwar a kaikaice, ta rungumi sirdi, ƙafar tana lilo. Ya fara turawa. Na bi su don in taimaka, ya ce in koma, kada in manta da wani abin da ban auna ba. A kwana ta huɗu, in kin tuna, gangarar ta fi tsanani. Mai ɗaukar hoton ofis yana can tun safe yana ɗaukar kwarin.

Yaya, ke ma'aikaciyar jinya ce. Ki gaya mini gaskiya, kada ki lallashe ni: gyambon mai ciwon suga, in ba a wanke shi a kan kari ba, me ke faruwa, kuma cikin wane lokaci?

A gaida kowa. Kada ki gaya wa Umma.

Auta

Lahadi, 14 ga Afrilu, ƙarfe uku na rana
Masaukin ma'aikata

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyali. Amsarki ta iso. Na gode da ba ki ɓoye mini komai ba, na gode kuma da gozi da ruwan wanke ciwon da kika aiko.

Jiya aka buɗe hanyar. Baƙi sun zo da kekuna masu tsada da tufafi masu ƙyalli, an yanka kirtani, an tafa. Da aka yaye ƙyallen da ke kan babban allon bakin hanya, sai ga hoton Dogo yana tura mahaifiyarsa, kwarin yana bayansu, kore shar. An yanke hoton daga gwiwa, bandejin bai fito ba. Bakinta a buɗe yake, kamar mai dariya. A ƙasa an rubuta: “Hanyar kowa, yaro da babba.” Wata baƙuwa ta dafa ƙirji ta ce ba ta taɓa ganin abin da ya burge ta haka ba, ta tsaya a gabansa aka ɗauke ta.

Darakta ya kira ni gaban jama'a, ya ce ga yaron da awonsa ba ya kuskure ko da santimita ɗaya. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Ya sanar cewa an tabbatar da ni a aiki. Na karɓi hannunsa, Yaya. Na ma ce na gode.

Na je asibitin gari. Mai wanke ciwon ta ce tsohuwar ta zo sau ɗaya bayan ranar, a kan keke, bandejin ya jiƙe, daga nan ba ta sake ganinta ba. Ranar Talata na hau da kayan da kika aiko. Ƙofar gidan a rufe. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce, kai ne Mai Igiya? Na ce ni ne. Ta karɓi ledar, ta rufe tagarta. Washegari na tarar da keken ofis jingine a ƙofar ɗakina, an wanke shi, an sa wa sarƙar mai. Babur ɗin yana nan a gefen turakun, an lulluɓe shi da tamfol, taya ɗaya ta sace.

Gobe zan fara ƙirga a hanya ta biyu. An ce motar da ke bin ta ɗaya ce, ta mai kai ruwa makarantar da ke saman. Darakta ya ce in tafi da tef.

Kin san ni, ba na rubuta abin da ban tabbatar ba. Ga abin da ban sani ba:

Ko ledar ta isa hannunsu.
Ko tsohuwar tana cikin gidan nan da na ƙwanƙwasa, ko an kai ta wani wuri, ko wani abu dabam.
Ko ƙafar tana nan.
Ko Dogo ya ga allon, tunda dole ta gabansa zai wuce duk ranar da ya sauko.
Ko wani ya gaya mata ba ni ne babba a wurin ba.
Abin da zan rubuta gobe in motar ruwan ta wuce ni.

A gaida Umma. Kina iya gaya mata an tabbatar da ni, za ta yi murna.

Ƙaninki,
Auta