Idonki na Hagu

Ya farin watan zuciyata, inuwata a tsakar rana, ruwan sanyina ranar ƙishi!

Na san ba ke ce ke karanta takardar nan ba, tunda yanzu ko haske ciwo yake sa miki. Yaya, don Allah ki karanta mata duka, kar ki tsallake inda kunya ta kama ki.

Masoyiyata, bakina ne ya jawo miki. Wa ya aike ni? Kullum na leƙo shagon ɗinkinki sai na ce da ke mai ido huɗu, kina dariya, ashe abin yana ci miki rai. Kika ajiye tabaran da likita ya auna miki, kika sayo ɗan gilashin nan da ake mannawa a ƙwayar ido wurin mai kayan kwalliya, ba awo, ba ruwan wanke shi. Ni kuwa sakarai sai yabon idanunki nake, kamar ranar na fara ganinsu.

Kin tuna ranar da gilashin idon hagun ya faɗo kan keken ɗinki, cikin ɓurɓushin yadi? Kika ɗauka, kika lasa yadda kike lasar bakin zare kafin ki zura a allura, kika mai da shi ido, wai tela ba ta asarar abin da ya faɗi kan kekenta. Na yi dariya har da riƙe ciki! Wayyo ni, da-na-sani ƙeya ce. Kwana uku ido ya yi ja kamar garwashi, kina ɗinki da hawaye kina cewa ƙura ce.

Yanzu likita ya ce ƙwayar cuta ta ci idon, sai Alhamis za a san ko zai sake gani. Kuma kin aiko kar in zo, wai ba kya so in ga farin tabo. Haba, hasken raina! Ni da na yi ɓarnar za a ɓoye wa? Jiya na ga ƙofar shagonki garƙame da kwaɗo, sai da na zauna a bakin hanya.

Ki bar ni in raka ki ranar Alhamis. In idon ya buɗe, mun gode Allah. In bai buɗe ba, daga ranar ta hagunki zan riƙa tafiya, a titi, a kasuwa, har tsufa. Babu abin da zai zo miki ta nan bai fara bi ta kaina ba.

Naki, har ranar da numfashina zai ƙare.