Gwafar Intalla

Zuwa ga ƙanwata Hamsatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Inna da yara suna lafiya. Shekara bakwai ke nan rabona da Dakoro, har yanzu siminti nike ɗauka a Tamanraset ta Aljeriya, bayana ya fara ba ni labari.

Kin ce ɗan baffanmu Abarci na son ya kewaye Rijiyar Soja ya riƙa saida wa makiyaya ruwa, rabona kuma ya isa ya maido ni gida. Ki ce mishi na yarda. Kaka Jimrau ya tahi yaƙin Nasara, ya dawo da pansiyo, ya zuba shi duka cikin rami. Mu jikoki me ya bar muna? Tsawa da jera layi kamin a ci tuwo. To ramin ya biya mu.

Yayanki, Zakariya

Zuwa ga Yaya Zakariya,

Gaisuwa da fatan alheri. Inna na gaishe ka, idonta ya ƙara rauni.

Magana ta ɓaci. Ka san gwafa ukku da ke bakin rijiya, inda kowane gida ke rataya igiyarshi. Abarci ya tumɓuke ta gabas, ta gidan Intalla, Buzun da suka yi soja tare da Kaka. Azara jikarshi ta zo da raƙuma da awaki, ta zauna gaban maigari ta ce: "Ni ba faɗa na zo ba, bisashena ƙishi suke ji." Abarci ya ce Intalla lebura ne, an biya shi tun tuni. Ta ce: "Kai kana ina sa'ad da aka biya shi, ɗan jiya?"

Tsofaffi sun ƙare, gidan masu gwafa ta ukku sun koma Maraɗi. Maigari ya ce kai ka yi jinyar Kaka, abin da ka faɗi shi za a ɗauka. Yaya, kalma guda ce, ka dawo Inna ta gan ka. Ban ce ka yi ƙarya ba. Ban san abin da nike cewa ba.

Ƙanwarka, Hamsatu

Hamsatu,

Ina gaida Inna. Sau ukku ina fara wasiƙar ga ina yagewa. Ki kai ma maigari a karanta gaban kowa.

Intalla ba lebura ba ne. Su ukku, shi da Kaka da mai gwafa ta ukku, suka dawo daga yaƙin Indoshin, inda rijiyar take daji ne, ba bukka ko ɗaya. Suka haɗa pansiyo suka yi gina. Intalla ke shiga ƙasa saboda shi ne siriri, ƙasa ta taɓa rufta mishi, Kaka ya jawo shi ta ƙafa. Kowa ya kafa gwafarshi, garin ya taru a bayansu. Kaka ya faɗa mini haka yana kwance, da zagi a bakinshi, amma ya faɗa. Ban so tsohon nan ba, ba zan kuwa ƙara mishi abin da bai yi ba. A maida gwafar Azara.

Abarci ya zage ni yadda ya ga dama. Ki ce ma Inna ta ƙara haƙuri. Abin da na iya tarawa: bargo biyu, atamfa guda tata, da kuɗin mota da zai kai ni Agadas ya tsaya, bai isa Dakoro ba.

Sai wata rana,
Zakariya