Babur ɗin da na sayar wa Kawu ya kaɗe mace, kuma sunana ne a takarda

Goggo, don girman Allah ki taimake ni, in da hali ki tsallake layi ki amsa min a wannan makon, domin kwana tara kacal suka rage min in bayyana gaban 'yan sanda. Kwana uku ke nan abinci ba ya wuce min maƙogwaro. Jiya na kwance firijin wata mata na ɗaure, sai da na tattara kayan aiki na ga ƙusoshi huɗu a ƙasa, ban san daga ina suka fito ba.

Ni baƙo ne a ƙasar nan. Shekarata bakwai ina gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki, ina da mata da yara biyu, kuma duk zamansu a kan katin zamana yake. Katin nan wata mai zuwa zai ƙare, sai na sabunta. Duk wanda ya taɓa zaman baƙunci ya san yadda muke taka ƙasa a hankali. Ni ko ba mota a titi ba na tsallake jar fitila, har abokan aikina suna tsokanata wai ni ne limamin masu bin doka. To ga limamin nan yau da takardar sammacin 'yan sanda a aljihu.

Akwai wani dattijo da muke kira Kawu. Ba jini ya haɗa mu ba, ɗan garinmu ne da ya riga ni zuwa da shekaru, yana da ƙaramin gidan burodi. Ranar da na sauka ban san kowa ba, shi ya shimfiɗa min katifa a ɗakin da yake ajiye buhunan fulawa, na yi wata takwas a nan. Shi ya kai ni wurin maigidan da na fara aiki a ƙarƙashinsa. Lokacin haihuwar 'yata ta fari ina aiki a wani gari, matarsa ce ta zauna da matata a asibiti har aka sallame su. Na faɗi wannan ne don ki san ba mutumin da zan iya kallon idonsa in ce a'a ba ne.

Bara na sayi 'yar mota mai buɗaɗɗen baya saboda ɗaukar firiji, babur ɗina ya zama sai ƙura yake sha. Kawu ya ce yana so don rarraba burodi. Muka daidaita, ya biya ni a take. Kuma Goggo, kada ki ɗauka ban san ƙa'ida ba, wannan ne ma yake ƙona min rai. Da ƙafata na je ofishin rajistar ababen hawa, na bi layi, wata ma'aikaciya ta rubuta min abin da ake buƙata: fasfo da katin zama mai rai na mai sayarwa da na mai saye, katin rajistar babur, shaidar adireshi, takardar inshora, da fom ɗin canja mallaka wanda mu biyun za mu sa wa hannu a gabansu.

Da na kai wa Kawu takardar sai ya yi dariya. Ya ce ashe har mun kai matsayin da sai hukuma ta tsaya tsakaninsa da ɗansa. Ya ce tanda ba ta barinsa zaman layi, in sa hannu a nawa gefen kawai, in ya samu sarari zai ƙarasa. Kunya ta rufe ni, na ji kamar na zage shi. A kan teburin da ake murza kwaɓi na sa hannu, na bar wurin kwanan wata da sunan mai saye ba komai, na haɗa masa da katin rajista da makulli. Ko hoton fom ɗin ban ɗauka ba. Da na koma gida matata ta tambaye ni ko an canja sunan, na ce an canja. Sau biyu na tuna wa Kawu, ya ce mako mai zuwa, daga nan bakina ya yi nauyi na bari.

Ranar Litinin aka kawo min takardar 'yan sanda a shagona. Wai babur mai lamba kaza ya kaɗe wata mata a wurin tsallaka titi da safe, ƙafarta ta karye, mahayin bai tsaya ba, kyamara ta ɗauki lambar. Mai babur ya bayyana a ofishinsu. Mai babur kuwa ni ne. Na rufe shago na nufi gidan burodi.

Ban ma buɗe baki ba, da ya ga takardar a hannuna sai ya ajiye farantin burodi ya zauna a kan buhu. Babur ɗin yana bayan ƙofa, an lulluɓe shi da tsofaffin buhuna, fitilar gaba a fashe. Ya ce shi ne. Sannan ya gaya min abin da ban taɓa zato ba: katin zamansa ya mutu shekara uku da suka wuce, an ƙi sabunta masa, ya yi shiru ya ci gaba da zama. Shi ya sa bai taɓa zuwa ofishin ba, shi ya sa ya gudu. Goggo, dattijon nan ya yi kuka a gabana har gemunsa ya jiƙe.

Roƙonsa shi ne in ce an sace babur ɗin tun tuni, shi kuma zai sa a kwance shi a watsar. Ko in ce wani da ban sani ba na sayar wa. Ya ce ni takarduna a raye suke, tambayoyi za su yi min su sake ni, shi kuwa jirgi za a sa shi, ya bar mata da 'ya'ya huɗu da gidan burodin shekara ashirin. Akwai kuma wani dillali a bakin ofishin rajista da ya ce zai iya cike fom ɗin da wani suna, ya mayar da kwanan wata baya.

Matata ta ga takardar a aljihun rigata. Ta ce abin da ya fi yi mata ciwo shi ne ƙaryar da na yi mata. Ta ce in je in faɗi gaskiya, ba za ta kwashe yara daga makaranta saboda kunyata ba. Amma ita ma na same ta a kicin tana share hawaye saboda matar Kawu. A safiyar da abin ya faru ina wani otal ina gyara ɗakin sanyi, na sa hannu a littafin ƙofa tun ƙarfe bakwai, don haka zan iya wanke kaina. Sai dai in na wanke kaina, tambaya ta gaba ita ce wa na ba babur. Ina jin tsoro, Goggo, ina kuma jin kunyar kaina. In na faɗi sunansa na zama butulu, in na rufe na jefa 'ya'yana cikin bala'i. Me zan yi?

Ɗanki, mai gyaran firiji

*

Ɗana, sannu. Ka ci abinci tukuna ko loma biyu ne, domin makon nan yana buƙatar kai mai aiki.

Bari in fara rufe maka ƙofofin da kake leƙawa. Kada ka ce an sace. Ina rahoton satar da ka kai? Shekara guda unguwa tana ganin Kawu a kan babur ɗin nan da kwandon burodi, mai shago ɗaya za a tambaya zancen ya rushe. Labarin baƙon mai saye ma haka yake. Dillalin nan kuwa ko gaisuwarsa kada ka sake amsawa, domin sa hannunka ne a fom ɗin, duk sunan bogin da aka rubuta a kai wuyanka zai hau. A yau laifinka sakaci ne. Ranar da ka yi wa 'yan sanda ƙarya ka shiga cikin laifin da kanka, kuma irin wannan ne yake kashe katin zama. Ka gaya wa Kawu kada a taɓa ko ƙusa ɗaya a jikin babur ɗin.

Ban ɗauki Kawu mugu ba. Alherin da ya yi maka gaskiya ne, tsoron da yake ciki ma gaskiya ne, mutum ya shekara uku yana jin faɗuwar gaba duk sanda ya ga kaki ba ƙaramin abu ba ne. Amma ranar da ya yi maka dariyar nan ya san katinsa a mace yake, kai ne ba ka sani ba. Ya san kana jin nauyinsa, ya jingina a kan wannan. Yanzu kuma yana roƙon abin da ba naka kai kaɗai ba, domin zaman matarka da yaranka a jikin katin nan yake. Kai ma da naka laifin: ka sa hannu a takarda ba komai a cikinta, ka kuma yi wa matarka ƙarya. Ka ba ta haƙuri sosai, ba a tsaitsaye ba. Sannan na lura layi ɗaya ka ba matar da aka kaɗe. Tana can kwance da karaya, ita ma wataƙila wasu bakuna suna jiran abin da take nemowa. Haƙƙinta ne a san wanda ya kaɗe ta, ƙaryar da ake so ka yi ita za ta fara cuta.

Gobe da safe ka nemi lauyan da ya san harkar baƙi da shige da fice. In aljihu bai kai ba, ka tambayi masu ba da taimakon shari'a kyauta. Ka tafi da fasfonka, katin zamanka da takardar sammacin. Ka roƙi otal ɗin su rubuta maka shaidar cewa kana wurinsu a safiyar. Ka tono duk abin da zai nuna ranar cinikin: saƙonnin waya, shaidar biya, wanda yake wurin, har takardun motar da ka saya. Ka ɗauki hoton fom ɗin da yake hannun Kawu yadda yake, kada ka ƙara masa ko ɗigo. Dokoki suna bambanta daga wuri zuwa wuri, don haka ka tambayi lauyan yadda mai sayarwa yake sanar da ofishin rajista cewa abin hawa ya bar hannunsa, da abin da ya kamata a gaya wa kamfanin inshora, da kuma ko ka shigar da neman sabunta katinka tun yanzu. Ranar da aka sa maka ka je da wuri, tare da lauyan.

Masu karatu da suke zaman baƙunci, ku ji da kyau. Kada makulli ya bar hannunku sai kun tsaya ku biyu a gaban ma'aikaci, an duba takardun kowa, an buga hatimi, kun riƙe kwafinku. Wanda ya ce ba shi da lokacin zuwa, ku ajiye abinku har ya samu.

Saura mai wuyar. Kafin ka taka ofishin 'yan sanda, ka koma wurin Kawu tare da wani dattijo da yake jin maganarsa. Ka gaya masa da bakinka, cikin ladabi, cewa ba za ka yi ƙarya ba, kuma in an tambaye ka wanda ka sayar wa za ka faɗa. Kada ya ji a bakin wani. Ka nuna masa cewa kwanakin nan nasa ne su ma: ya ga lauya, ya kai kansa kafin ranarka. Sau da yawa wanda ya shigo da ƙafarsa ba a kallonsa kamar wanda aka je aka kamo, lauya kuma yana iya samun abin faɗa game da shekarunsa da iyalinsa. Ba zan yaudare ka ba, duk da haka ana iya cewa ya bar ƙasar. Zai iya fushi da kai, 'yan garinku ma wasu za su kira ka da sunan da kake tsoro. Ka shanye.

Amma ka yi tunanin washegarin ranar. In abin ya zo da muni, dole a samu wanda zai riƙa bin lauya, ya kai masa abinci inda aka tsare shi, ya tsaya wa matarsa, ya ga yara huɗun nan ba su bar makaranta ba. A duk garin nan ba wanda wannan aikin ya hau kansa kamar kai, kuma ba za ka iya ba in kana kujerar kusa da shi a cikin jirgi. Ka tsaya da takardunka a raye, ɗana, iyali biyu ne za su buƙace ka.

Allah ya ba matar nan lafiya, ya sassauta wa Kawu, ya ƙarfafa maka zuciya ranar da za ka buɗe baki.

Goggonku