Takardar da Kawu ya sa ni rubutawa

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Kawu Jaji ya tare ni ina dawowa daga makaranta. Yana son ɗakin da Ya Gana mai ƙosai take haya a gidansa, zai gyara wa ɗansa Khalil kafin biki. Wai in rubuta mata notis ɗin tashi, tunda ni ce malamar Turanci. Na ce, Kawu, ka faɗa mata da baki mana. Ya ce, "Zulaiha, shekara goma sha ɗaya muna gaisawa. Da Hausa bakina ba zai iya ba."

Talata, 7 ga Mayu
Na buɗe ƙamus. Evict: a fitar da mutum ko yana so ko ba ya so, aikin kotu ne. Na soke shi. Vacate: mutum ya kwashe kayansa da kansa ya bar wurin. Shi na sa, har da kindly a gabansa, wai ni mai ladabi. Wata uku. Kawu ya sa hannu, ko tambayar abin da ke ciki bai yi ba.

Alhamis, 9 ga Mayu
Na bi ta bayan masallaci don kada in wuce inda take suyar ƙosai.

Juma'a, 10 ga Mayu
Abin da nake gudu. Ya Gana ta shigo bayan na taso daga makaranta, takardar a ƙulle a bakin mayafi. "'Yata, karanta mini. Ke kaɗai na yarda da ke." Duk kalmomin da na zauna ina tacewa, da na juya su Hausa abu ɗaya suka zama: ki tashi. Haka na faɗa mata. Ta ce ita da jikokinta biyu ina za su nufa, rikici ya cinye garinsu, ko bango bai rage ba. Sannan ta ce, "Wanda ya rubuta wannan bai san ni ba ko?"
Na ce mata shayi zai huce.

Laraba, 15 ga Mayu
Ba na iya cin abinci. Tsoro nake ji Kawu ya faɗa mata. Tsoro nake ji kuma kada ya faɗa.

Lahadi, 19 ga Mayu
Na kwashe littattafan da ke ɗakin ƙofar gida, na share, na sa an gyara sakata. Gara ce ta fara cin su, shi ke nan dalili. Maigidana ya leƙa ya ce katifa uku za su shiga kuwa? Na dai auna, za su shiga.